Kwaɗo A Ƙofar Ɗakin Allah

Wai shin jama'a, yaushe kwaɗo ya shiga cikin kayan masallaci? Duk mai bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, idan dare ya riske shi a Birnin Kudu, ko ya ratse ya nufi Gwaram, zai ga masallatai da dama an garƙame su da zarar an sallame Isha, ga almajiri da matafiyin da guzuri ya ƙare masa da mai taɓin hankali sun jeru a gindin katanga, raɓa na sauka a kansu. Su ma 'yan'uwanmu Kirista ba su tsira daga wannan tambaya ba, don coci ma katanga gare shi da maigadi.

Kwamiti yana da hujjarsa, kuma ba ƙarya ya yi ba: an sace amsa-kuwwa, an kwance fanka, an ɗauke batirin sola, an yi fitsari a kan darduma. To amma ai mun karanta cewa wani baƙauye ya taɓa yin fitsari a masallacin Madina, Manzon Allah (SAW) ya hana a tsangwame shi, ya sa aka kwarara guga guda na ruwa, magana ta ƙare. A wannan masallacin ne kuma Ahlus Suffa, marasa gida da dangi, suke kwana, cikinsu har da Abu Huraira wanda muke jan hadisansa a kan mumbari, sannan mu sauko mu kori irinsa.

Majami'u a ƙasashen Turawa sun riga mu cin karo da wannan. A 2015 asiri ya tonu cewa babbar majami'ar Katolika ta Saint Mary da ke San Faransisko a Amurka ta kafa bututun da ke feso ruwa da dare a kan masu kwana a ƙofofinta. Da surutu ya yi yawa suka ba da haƙuri suka cire. A shekarar nan dai Fafaroma Francis ya sa aka buɗe wa irin waɗannan bayin Allah wurin wanka da aski a gefen dandalin Saint Peter. Addini ɗaya, shekara ɗaya!

Mu a nan zaure ne ke ɗaukar baƙo tun kaka da kakanni. Yanzu kowa ya tashi gini sai geti da gareji, zaure ya mutu, ambaliyar 2022 da ta 2024 kuma ta ƙara raba dubban mutanen Jigawa da gidajensu. Ina za su? Kwamitin da ya iya tara kuɗin tayil da hasumiya mai tsayin rimi ba zai ce ɗaki guda mai tabarma da bayan gida ya gagare shi ba. A kulle amsa-kuwwa a akwatin ƙarfe, a rubuta sunan baƙo, a sanar da mai unguwa.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, jaruminku kullum daga Marsandi yake fitowa ya shiga masallaci ya fito. Har yau ban ga wanda ya sa shi ya waiwayi mai kwance a bakin ƙofa ba.