Turaka Ta Maigida Ce, Ɗaki Na Mace

Akwai wata ɗabi'a da ta kama marubutanmu na zamani, wadda nake ganin ya kamata a tsawata a kanta. Da zarar marubuci ya so ƙawata ɗakin amarya, sai ya kira shi turaka, don kalmar ta fi daɗin faɗi. Wannan kuskure ne, kuma ba ƙarami ba.

A tsarin gidan Bahaushe, turaka ta maigida ce. Mace takan je can ne ranar girkinta, da asuba ta dawo. Wurinta na kanta shi ne ɗaki, kuma harshen Hausa bai ɓoye hakan ba. Namiji maigida ne, amma idan zai ambaci matarsa sai ya ce mai ɗakina. Kayan ɗaki mallakarta ne. Ko aure ya mutu, da su za ta fita. 'Ya'yan da suka haɗa uwa, 'yan ɗaki ɗaya ake ce musu. Matar da ke ɗawainiya da wani kuwa, uwarɗakinsa ce. Ashe kalmar na ɗauke da iko, da dukiya, da nasaba.

Ni a bakin kakata na fahimci nauyinta. Sa'ad da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungunan ƙasar Yawuri da ƙauyukan gaɓar Kwara, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Har ta rasu, kakata ba ta taɓa cewa gidansu ya nutse ba. Cewa take yi ɗakinta ya nutse: inda ta yi jere, ta haihu, ta yi jego, ta ɓoye kuɗin adashi.

Za a ce mini harshe yakan sauya, kalma ta ƙaura daga ma'ana zuwa ma'ana. Haka ne. Amma wannan ƙaura asara ce ga mace, domin an ɗauke ta daga inda take da mulki an kai ta inda take jiran kira. Marubucin da ya yi haka, ko da niyyarsa girmama ta, baƙuwa ya mayar da ita a cikin labarinta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Marubuta, ku bar wa maigida turakarsa, ku mayar wa mace ɗakinta.