Shayin da ya kwana goma a kwalba, har yanzu shayi ne?

Jama'a, akwai wani abin sha da ya fara yawo a bidiyoyin TikTok da YouTube da zaurukan WhatsApp, ana ce masa kombuca. Masu tallarsa suna kiransa shayin lafiya, wai yana gyara ciki, yana rage tumbi, kuma kowa zai iya haɗawa a gida. Ni dai ra'ayina shi ne, duk wanda zai haɗa wannan abu a ɗakin girkinsa, ya san cewa hanyar da ake bi a yi giya ya hau. Ko ya tsaya kafin ya isa, ko ya zarce bai sani ba.

Ga yadda abin yake. Ana dafa ganyen shayi, a zuba sukari mai yawa, idan ya huce a jefa wani abu mai santsi kamar faifan roba, wanda a cikinsa akwai yis da ƙwayoyin bakteriya. Sai a rufe da ƙyalle a ajiye kamar mako ɗaya zuwa biyu. Yis ɗin nan, irin aikin da yake yi a burukutu shi yake yi a nan: ya cinye sukari, ya fitar da barasa da iska. Bakteriyar kuma sai ta bi barasar tana mayar da ita ruwan khal, shi ya sa abin yake tsami. Wato tsere ake yi a cikin tulun, ɗaya na ƙera barasa, ɗaya na cinye ta. Wanda ya rinjayi wani, shi ke nuna abin da za ka sha.

Matsalar ta fi yawa a mataki na biyu, wanda masu bidiyo suka fi so saboda kumfa. Ana juye ruwan a kwalba, a ƙara abarba ko citta ko ruwan lemo, a toshe bakin kwalbar ƙam. Bakteriyar da ke cinye barasa tana buƙatar iska. Yis kuwa ko babu iska aikinsa yake. Ka ƙara masa sukari, ka toshe wa abokin hamayyarsa numfashi, me kake tsammani? Na gida kan iya kai kashi 3 cikin 100 na barasa. Giyar kwalba da ake sayarwa a mashaya yawanci kashi 4 zuwa 5 ce. Tazarar ba ta da yawa fa.

Kada wani ya ce ai ni ina kula. Kamfanoni masu injina da ɗakunan gwaji ma abin ya taɓa kufce musu. A Amurka, doka ta ce abin sha da ya kai kashi 0.5 cikin 100 na barasa ya shiga layin giya. A shekarar 2010, babban kantin nan Whole Foods ya kwashe kombuca daga kantunansa saboda an gano barasar da ke cikin wasu kwalaben ta haura wannan iyaka, don abin yana ci gaba da tsimuwa bayan an rufe shi. To idan haka ta faru a inda firji ba ya mutuwa, ina ga mu da zafin watan Afrilu ke kai digiri 40, wuta kuma ta zo ta tafi? Zafi yana hanzarta aikin yis. Kwana bakwai na mai bidiyo a Kanada ba kwana bakwai ba ne a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi.

A can ƙasashen ma ba a ɓoye-ɓoye. Akwai masu ƙara sukari da yis na musamman da gangan don ya yi ƙarfin giya sosai, kuma a matsayin giya suke sayar da shi. Akwai Twisted Tea, shayi ne mai sanyi da barasa kashi 5. Akwai kuma Long Island Iced Tea, wanda ko ganyen shayi ɗaya babu a cikinsa, haɗin giya ne masu ƙarfi kala-kala da ɗan Coca-Cola, launinsa kawai ya yi kama da shayi. Masu 'ya'ya a makarantun waje da masu zuwa kwas, ku riƙe wannan. Ganin sunan shayi a jikin gwangwani ko takardar abinci ba hujja ba ce.

Na san za a ce min, to nono fa? Kunun zaƙi da zoɓo fa, idan sun kwana ba sa canzawa? Gaskiya ne, suna canzawa, har burodi ma da yis ake yin sa. Shi ya sa ban ce duk abin da ya tsimu haramun ne ba, ni ba malami ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Amma iyayenmu mata sun san iyaka. Kunun da ya fara kumfa yana cizon harshe, zubarwa suke, ba sa jiran ya ƙara kwana huɗu don ya yi daɗi. Kuma ya tabbata a hadisi cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi yana shan ruwan, amma ba ya bari ya wuce kwana uku. Ita kuwa kombuca, a kwana ukun ma ba ta gama haɗuwa ba.

Malaman wasu ƙasashe sun zauna a kan batun. Majalisar malaman Indunusiya ta fitar da fatawa a 2018 cewa abin sha da aka tsima, idan barasarsa ba ta kai kashi 0.5 cikin 100 ba kuma ba ya cutarwa, ya halatta, idan ya kai kuwa ya zama giya. Ko ka ɗauki wannan fatawa, tambayar tana nan: wa zai auna maka na tulunka? Harshe ba ma'auni ba ne, tsami da zaƙi suna rufe ɗanɗanon barasa. Wadda ke sayar maka a robar ruwa ta WhatsApp, babu lambar NAFDAC, babu ranar da aka haɗa, ita ma ba ta sani ba.

Ko a ajiye maganar addini, akwai ta lafiya. A 1995 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mata biyu a jihar Iowa da suka kamu da ciwo mai tsanani bayan sun daɗe suna shan na gida, ɗaya ta rasu. Ba a tabbatar cewa shi ne sanadi kai tsaye ba, amma an yi gargaɗi. A Ostireliya kuma an samu miji da mata da gubar dalma ta kama saboda sun riƙa haɗa shi a tukunyar tangaran, tsamin ya narko da dalmar da ke jikin shafen tukunyar. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Amfanin da ake ta zuzutawa kuwa, binciken da aka yi a jikin mutane bai taka kara ya karya ba. Mai ciwon suga ma ya tuna da sauran sukari a ciki.

Saboda haka shawarata gajera ce. Kada a ba yara, kada mai juna biyu ta sha, kada a miƙa wa baƙo da sunan shayi ba tare da an faɗa masa mene ne ba. Mai son gyaran ciki, ga kindirmo nan. Malamanmu kuma da masana kimiyyar abinci na jami'o'inmu, ya kamata su zauna tare, a auna a faɗa wa mutane matsaya tun abin bai cika gidaje ba. Kafin nan, ni shayina da zafinsa nake sha, ranar da aka dafa shi.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu.