Bindiga Ta Hannu: Lissafin Da Dillali Ba Ya Yi Maka

Ba abin kunya ba ne mutum ya ji tsoro. Ɗan kasuwar da ke rufe shago a Kantin Kwari da cinikin yini a jikinsa, da ɗan canjin Wapa da kowa ya san abin da ke cikin jakarsa, da mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari da ba ya komawa gida sai bayan isha'i, kowannensu yana da dalilin yin waiwaye. Mutanen Kano ba su manta da hare-haren yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012 ba, balle bam ɗin tashar New Road na watan Maris ɗin 2013, ga ƙwacen waya da faɗan daba da suka addabi unguwanni. Sai kuma aka ji gwamnoni da bakinsu, Aminu Bello Masari a Katsina a 2021 da Bello Matawalle a Zamfara a 2022, suna cewa jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Shi ya sa zancen ya shigo majalisun hira, ana yin sa ƙasa-ƙasa: "Alhaji, akwai wata ta hannu, mai ita buƙata ce ta taso masa, lafiyarta ƙalau."

Ni ban yarda da wannan ciniki ba, kuma hujjata ta 'yan kasuwa ce. Mu zauna mu yi lissafi.

A fara da wannan "lafiyarta ƙalau" ɗin. Wa ya ce? Wanda ya je Farm Centre sayen waya ta hannu sai ya sa layinsa ya kira, ya duba kyamara, ya tsaya ya ga yadda caji yake sauka, ya karɓi rasit, kuma idan ta ba da matsala gobe ya san shagon, ya san ofishin shugabannin kasuwa. Bindigar da aka kawo maka cikin buhu fa? A ina za ka gwada ta, a bayan layin France Road ko a tsakar gidanka a Fagge? Abin da za ka gani kawai shi ne abin da mai sayarwa ya so ka gani: ƙarfe ya sha mai yana ƙyalli, ƙota ta sha fenti. Za a miƙo maka ita a ɗaki mai duhu, ana leƙen ƙofa, ana ce maka ka yi sauri. Cinikin biri a sama ke nan, kuma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin gargaɗi a kan cinikin da mai saye bai san haƙiƙanin abin da yake biya ba.

Ciwon bindiga a ciki yake. Irin waɗannan da ke yawo daga hannu zuwa hannu ba a kabad ake ajiye su ba. Wata ta shekara a binne cikin leda, wata a cikin silin, ta sha laimar damina ta sha ƙurar hunturu, tsatsa ta cinye cikin bututun ta bar waje sumul. Wata an canza mata kayan ciki da abin da maƙeri ya iya bugawa. Wata ma tun asali ƙirar gida ce, bututun da ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin albarushi ba aka yi wa walda. Maharba sun san ƙarshen irin wannan, domin a cikinsu ba a rasa wanda bindiga ta fashe a hannunsa ta tafi da yatsu ko ido. Harsashin da za a haɗa maka da shi kuwa, ba ka san shekarunsa ba, ba ka san inda ya kwana ba. Yana iya ƙin tashi a daidai daren da ka saya dominsa, kuma wannan ya fi rashin bindigar muni, don ɗan fashin da ya zo neman kuɗi ya ga makami a hannunka, ba batun kuɗi ake yi kuma ba. Yana iya tashi kuma a lokacin da ba wanda ya taɓa kunama, don kawai bindigar ta zame daga kan sif.

Wannan duk ƙarfe ne. Sai doka, wadda yawancin masu wannan hira ba su taɓa tambayar lauya a kanta ba. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa makamai kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma ƙaramar bindigar nan ta sokewa a ƙugu da 'yan kasuwa suka fi sha'awa tana cikinsu, tare da bindigogin yaƙi. Akwai na farauta, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Sai adaka da danginta masu ɗurin baki, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu. Lasisi na mutum ne, ba ya bin bindiga zuwa hannun wanda ya saya, saboda haka "ai tana da takarda" ba ta wanke ka. Kuma a watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce an dakatar da bayar da lasisin. Wanda aka kama da bindiga daga kashin farko, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10 ne. Ka ɗauki shekara 10 ka aza a kan shagonka: wa zai riƙe shi, wa zai biya masu ba ka kaya bashi, wa zai kai yara makaranta? Tun kafin a kai ga hukunci ma, akwai kwanakin tsare a hannun 'yan sanda a Bompai, da kuɗin lauya, da zaman jiran shari'a a gidan yarin Kurmawa ko Goron Dutse, da sunan da ka shekara ashirin kana ginawa a kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne tarihinta. Ka tambayi dillali daga ina ta fito, amsar ɗaya ce: "Haba Alhaji, bar wannan zancen." Dole ya ce a bar shi. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ga waɗanda suka kwararo ta Sahara bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011. Wadda aka kawo maka tana iya zama ta ɗan sandan da aka kashe a bakin aiki, ko wadda aka tare hanyar Birnin Gwari da ita. Idan lambarta na nan, za ta iya haɗa ka da kisan da ba ka san an yi ba. Idan an goge lambar, gogewar kanta shaida ce a kanka. Ban da kotu kuma, akwai tambayar da mutum zai yi wa zuciyarsa: kuɗin da na biya, aljihun wa ya shiga, kuma me zai saya da shi?

Sirri ma ba ya nan. Mai ita ya sani, dillali ya sani, yaron da ya ɗauko ta a adaidaita ya sani. Ranar da aka kama ɗaya daga cikinsu, sunayen waɗanda ya sayar wa zai fara lissafowa. Ko ba a kama shi ba, ka ba shi igiyar da zai riƙa jan ka da ita, yau rance, gobe rance, ba ka da bakin hanawa. Kuma gidan da aka san akwai bindiga ya ƙara daraja a idon ɓarayi, don ita kanta kaya ce mai tsada.

Sai gida. Wanda ya san lungunan Fagge da gidajen haya na Sabon Gari ya san yadda ake zaune, ɗaki jikin ɗaki, yara na shiga ko'ina, ba ƙarƙashin katifar da hannunsu bai kai ba. Harsashi ba ya tsayawa a ƙofar langa-langa. Ɗan fashi wataƙila ya zo sau ɗaya a rayuwa, wataƙila ma bai zo ba, amma bindigar tana nan kullum: ranar da aka ɓata da maƙwabci, ranar da saurayin gida ya yi faɗa a unguwa, daren da ƙaninka ya dawo a makare ya tsallako katanga ka ɗauka ɓarawo ne.

Ba zan manta da Uromi ba. A watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan jihar Kano da ke dawowa gida daga Fatakwal don yin Sallah, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, aka kashe su. Zalunci ne tsagwaronsa, ba su da laifin komai, farauta sana'arsu ce ta gado. Na kawo shi ne don a ga irin ƙasar da muke ciki, inda ganin bindiga a kayan mutum ya isa a yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki. In haka ta faru da masu hujja a hannu, ina ga wanda ba shi da ko takarda?

Na san akwai ƙauyukan da jami'an tsaro ba sa isa sai bayan an gama ɓarna, kuma ba zan zauna a birni in yi musu wa'azi ba. Amma Kwari ba dajin Rugu ba ne. A nan kuɗin bindiga zai sa ƙofar ƙarfe da fitilar sola a lungu, ya biya 'yan sintiri na watanni, kuma taransifa ta riga ta rage wa ɗan kasuwa yawo da damin kuɗi.

Saura lissafin rabuwa da ita. Idan ka gaji, sayarwa wani sabon laifi ne. Jefarwa a kwata ko kududdufi kuwa, yaro ne zai tsinta. Miƙa ta ga hukuma shi ne daidai, amma sai ka shirya amsa tambayar inda ka samo ta. Mafi yawa sai su bar ta inda take, shekara na bin shekara, har ranar da mai ita ya rasu, a zo fitar da kaya don rabon gado, a ɗaga katifa a gan ta a gaban malamai da dangi, matar da ke takaba ce za a fara tambaya.