DARA A ƘOFAR MASHAYA: ZUMUNCI NE KO TARKO?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata ɓarna da ke shigo mana sanye da rigar wasa. Da zarar an yi girbi kuɗi sun shiga aljihu, sai ka ga samari a wasu ƙauyuka na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun haƙa gidan dara dab da rumfar mai burkutu, waɗannan su kara da waɗancan, wanda aka cinye ya sayi ƙwarya. Idan ka yi magana sai a ce ai wasan sada zumunta ne.

Dara dai wasan kakanninmu ne: ramuka 30, kowa da 'ya'yansa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan wasa idan babu kuɗi a ciki, amma ba su yi saɓani ba a kan haramcin caca da giya, waɗanda Allah Ya haɗa su a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, Ya kuma bayyana cewa ƙarshensu gaba ce da barin salla. To, ƙwaryar da mai faɗuwa ke saye, in ba caca ba mece ce? Wanda kuwa ya ce kallo kawai yake yi, ya sani Manzon Allah (SAW) ya hana mumini zama a inda ake zagayawa da giya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. A Ingila akwai ƙungiyar CAMRA, wadda aka kafa a 1971 domin raya giyar gargajiya, kuma rassanta kan shirya wasannin mashaya a tsakaninsu, saboda sun san wasa ke riƙe mutum a kan benci har ya ƙara kofi. Su ba su ɓoye abin da suke karewa ba. Mu ne muke sauya wa abu suna don zukatanmu su yi sanyi. Ba cinya ba, ƙafar baya!

Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, kuma a 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. Madalla. Sai dai burkutu ba a kwalba yake zuwa ba. Da dawarmu ake dafa shi, wadda ya kamata ta zama tuwon yara. Matashin da ya tashi daga nan ya hau babur ya kama hanyar Jos ta dajin Falgore, ransa da na wanda ya goyo ya sa a caca.

Saboda haka muna kira ga iyaye da limamai da dagatai da masu unguwanni: ku san inda 'ya'yanku ke yini ranar kasuwa. Manomi ya guji sayar da dawarsa ga wanda ya san giya zai dafa. 'Yan'uwa masu wa'azi su je wa samarin nan da hikima, ba da zagi ba, a buɗe musu makarantun dare, tun kafin dara ta ci gida.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Wassalamu alaikum.