Lambar Nobel da Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa

A 2008 aka ba likitan nan Bajamushe, Harald zur Hausen, lambar yabo ta Nobel saboda gano cewa ƙwayar HPV ce ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Da ya fara faɗin haka a shekarun 1970, yawancin masana sun ɗora laifin kan wata ƙwayar daban. Ya nace, har a 1983 da 1984 shi da abokan aikinsa suka zaƙulo nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar HPV daga ƙarin da aka yanko a jikin majinyata. Su biyun ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo.

A ganinmu irin wannan aiki ne ya cancanci yabo, domin albarkacinsa aka samu allurar rigakafi a 2006. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kyauta a Oktoban 2023. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jita-jitar da ke sa wasu iyaye ɓoye 'ya'yansu ranar da ma'aikatan lafiya suka iso makaranta da akwatin sanyi. Malamai da masu unguwanni su tashi su yi bayani, don mata da yawa sai ciwon ya ci jiki suke zuwa asibiti.