Shin kimiyya za ta iya maganin tsufa?

Ranar 3 ga watan Satumbar 2025, lokacin wani faretin soja a birnin Beijing, makirufon da aka bari a kunne ya ɗauko wata hira tsakanin shugaban Rasha Vladimir Putin da takwaransa na China Xi Jinping.

An jiyo tafinta yana fassara kalaman Mista Putin cewa da ci gaban kimiyya, za a iya yi wa mutum dashen sassan jiki a kai a kai, har ma ya kai matsayin da ba zai mutu ba. Shi kuma Mista Xi ya ce ana hasashen a cikin wannan ƙarnin mutane za su iya kaiwa shekara 150. Dukkansu biyu suna da shekara 72 a lokacin.

A garin Aujara da ke ƙaramar hukumar Jahun a jihar Jigawa, kamar sauran ƙasar Hausa, fatan tsawon rai abu ne na yau da kullum. Da "ranka ya daɗe" ake gaida manya, da "Allah ya raya" ake yi wa mai jego barka.

To amma alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa jaririn da aka haifa a Najeriya a 2023, matsakaicin shekarun da ake sa ran zai yi a duniya kimanin 54 ne, yayin da na Japan zai haura 84.

Shin da gaske ne kimiyya ta kusa samo maganin tsufa? Kuma ko da ta samo, me hakan zai sauya a wuri irin Aujara?

Abin da aka gano

Masana kimiyya sun daɗe da tabbatar da cewa ana iya rage saurin tsufa, aƙalla a jikin dabbobi.

Tun a 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran da jiki ke buƙata ba, sun fi 'yan uwansu daɗewa.

A 1961 Leonard Hayflick ya gano cewa ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba sa rabuwa har abada. Bayan sun rabu kamar sau 50 sai su tsaya. Daga baya aka fahimci cewa a ƙarshen kowane zaren gado akwai wani abu da ake kira telomiya, kamar ƙullin da ake yi a bakin igiya don kada ta warware, kuma yana gajarcewa duk lokacin da ƙwayar ta rabu. Binciken telomiya ne ya samo wa masana uku lambar yabo ta Nobel a 2009.

A 1993 Cynthia Kenyon ta nuna cewa sauyin ƙwayar gado guda ɗaya tak ya ninka tsawon rayuwar wata 'yar mitsitsiyar tsutsa. A 2006 kuma Shinya Yamanaka na Japan ya gano hanyar mayar da ƙwayar jiki da ta manyanta zuwa yanayin ƙuruciyarta, aikin da ya sa aka ba shi Nobel a 2012.

Waɗannan nasarori ne suka jawo masu kuɗi. Kamfanin Google ya kafa Calico a 2013 domin binciken tsufa. A 2022 aka buɗe Altos Labs da jarin dala miliyan dubu uku. Ita ma Saudiyya ta kafa gidauniyar Hevolution, wadda aka ce za ta iya kashe har dala miliyan dubu ɗaya a shekara.

Ɓera ba mutum ba ne

Sai dai akwai tazara mai yawa tsakanin ɗakin gwaji da gadon asibiti.

Maganin rapamycin, wanda aka gwada a 2009, ya ƙara wa ɓeraye kashi 9 zuwa 14 cikin ɗari na tsawon rayuwarsu, amma magani ne da ke raunana garkuwar jiki. Hanyar Yamanaka ma, idan aka zarce da ita, tana haddasa ƙari a jikin ɓeraye. Hasali ma masana na ganin tsayawar da ƙwayoyin jiki ke yi da rabuwa wata kariya ce daga ciwon daji, domin ƙwayar dajin ita ce wadda ta ƙi tsayawa.

Shi kuwa dashen da Mista Putin ke magana a kai, ba baƙon abu ba ne a arewacin Najeriya, domin tun 2002 asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda. Likitoci sun san iyakarsa: sassan da ake samu ba sa isa, wanda aka yi wa zai riƙa shan magani har ƙarshen rayuwarsa, sannan babu mai iya dashen ƙwaƙwalwa, wadda ita ma tsufa take yi.

Akwai kuma wani lissafi da ya ƙi sauyawa. Tun 1825 wani masanin lissafi ɗan Birtaniya, Benjamin Gompertz, ya lura cewa haɗarin mutuwa yana ta hauhawa da ƙaruwar shekaru. Ƙididdiga ta nuna cewa bayan mutum ya haura talatin, haɗarin yana ninkawa kusan duk bayan shekara takwas.

Wannan ne ya sa ko da za a kawar da ciwon daji baki ɗaya, abin da zai ƙaru a matsakaicin tsawon rai a ƙasashe masu arziki bai wuce kimanin shekara uku ba. Wanda ya tsira daga daji, ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa na jiransa.

Wani bincike da Jay Olshansky da abokan aikinsa suka wallafa a 2024 ya nuna cewa a ƙasashen da suka fi kowa tsawon rai, ƙarin da ake samu ya ragu tun daga 1990, kuma da wuya a ga gagarumin sauyi a wannan ƙarnin muddin ba a samo hanyar rage saurin tsufan kansa ba.

Masu shekara 130

A ƙasar Hausa ba abin mamaki ba ne a ji sanarwar rasuwar dattijo ana cewa ya yi shekara 120 ko 130.

Amma wadda aka tabbatar da takardu cewa ta fi kowa daɗewa ita ce wata Bafaranshiya, Jeanne Calment, da ta rasu a 1997 tana da shekara 122, kuma har yau babu wanda ya kamo ta.

Yawancin dattawan karkara da abubuwan da suka faru suke auna shekarunsu, kamar rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1953, ko zuwan Sarauniyar Ingila a 1956. Ko a 2018, binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya.

Matsalar ba ta tsaya ga Afirka ba. A 2010 hukumomin Japan sun gano sunaye sama da 230,000 na mutanen da takardu suka nuna sun haura shekara ɗari, alhali babu wanda ya san inda suke. Wani mai bincike, Saul Newman, ya nuna cewa galibi an fi samun da'awar tsufa mai yawa a wuraren da rajistar haihuwa ke da rauni.

Matsayin addini

Ga Musulmi, batun dawwama a duniya ba abin muhawara ba ne. Aya ta 185 a Suratu Ali Imrana ta tabbatar da cewa babu ran da zai kuɓuce wa mutuwa, kuma Suratu Ɗaha ta ba da labarin yadda Iblis ya yaudari Annabi Adamu da alkawarin bishiyar dawwama.

Sai dai malamai na bambanta dawwama da neman lafiya. A hadisin Usama bin Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi Muhammadu (SAW) ya yi umarni da neman magani, tare da bayyana cewa kowace cuta tana da magani in ban da tsufa.

Tsawon rai shi kansa bai saɓa wa nassi ba, tun da Suratul Ankabut ta ce Annabi Nuhu ya zauna cikin mutanensa shekara 950. Haka kuma Alƙur'ani ya ambaci mafi ƙasƙancin shekaru, lokacin da mutum ke manta abin da ya sani, yanayin da aka ruwaito Annabi yana neman tsari daga gare shi.

Abin lura shi ne, mafi yawan masu binciken tsufa su ma ba dawwama suke nema ba. Burinsu shi ne a ƙara shekarun da mutum zai yi da lafiyarsa da hankalinsa. Kuma ko da an yi nasara a kan tsufa, haɗari da annoba da yaƙi suna nan. Fashewar tankar mai a Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024 ta hallaka mutane sama da 150, da yawansu matasa.

Inda shekarun ke zubewa

A farkon ƙarni na 20 matsakaicin tsawon rai a duniya bai wuce kimanin shekara 32 ba, amma a 2023 ya kai 73. Ba maganin tsufa ne ya kawo wannan ba. Ruwa mai tsabta ne, da allurar rigakafi, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da haihuwa a hannun ƙwararru.

Don haka idan aka ce 54 a Najeriya, ba ana nufin mutane na mutuwa da sun kai wannan shekara ba ne. Yawan yaran da ke rasuwa tun suna ƙanana ne ke jawo lissafin ƙasa.

Binciken 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. A Jigawa kuwa kusan yaro ɗaya ne cikin biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki ko haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Najeriya ce kuma kan gaba a duniya wajen yawan masu mutuwa da zazzaɓin cizon sauro.

Mutanen Aujara ba sa buƙatar a ba su labarin wannan. A babban asibitin Jahun, ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ta fara aiki tun 2008, tana karɓar mata masu doguwar naƙuda da masu lalurar yoyon fitsari. Yawancin abin da ke ceto rai a irin wannan wuri sananne ne tun tuni: jini, da tiyata, da isowa a kan lokaci.

Su ma waɗanda suka kai ga tsufan, kulawar da suke samu ba ta taka kara ta karya ba. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar farko ta lafiyar tsofaffi a Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma sai a 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda ake iya ganowa da ɗan ƙaramin gwaji, sukan ɓoye har sai sun shanye ɓarin jiki ko sun lalata ƙoda.

A halin da ake ciki dai babu wani magani, na asibiti ko na gargajiya, da aka tabbatar yana hana ɗan Adam tsufa, komai irin tallar da ake yi masa a intanet ko a lasifikar kasuwa.

Mai yiwuwa binciken da ake yi a Amurka da Japan da Saudiyya ya ƙara wa jikokin na yanzu wasu shekaru na lafiya. Amma tazarar shekara 30 da ke tsakanin jaririn Najeriya da na Japan ba ta jiran wani sabon bincike. Abin da take jira shi ne kasafin kuɗi, da ma'aikatan lafiya a karkara, da hanyar da za ta kai mai naƙuda daga Aujara zuwa Jahun kafin lokaci ya ƙure.