Digirin Ilimin Zamantakewa: Ina Ɗan Talaka Zai Nufa Daga Dutse?

Duk shekara, idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, mukan ga iyaye suna dakatawa a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, kowa da takarda a aljihun riga. A cikin waɗanda suka tsayar da mu bana akwai wani dattijo, manomi daga wajen Kiyawa, wanda ɗansa ya kafe sai ya karanta Soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar ɗan Adam. Tambayoyi biyu ya zo da su, kuma bai ɓoye wadda ta fi damunsa ba. Ta farko: shin wannan karatu ba zai taɓa wa yaron aƙida ba? Ta biyu: a wace makaranta zai yi shi ba tare da an sayar da gonar gado ba? Mun ga ya dace mu amsa a wannan shafi, domin masu irin tambayarsa suna da yawa, kuma mafi yawansu kunya take hana su yi.

Tsoron da dattijon ya ji yana da tushe. A ajin farko ɗalibi zai haɗu da Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa wa fannin suna a ƙarni na 19, wanda yake ganin ɗan Adam zai girma ya wuce zamanin addini. Zai haɗu da Karl Marx, wanda ya ɗauki addini a matsayin abin da ake lallashin talaka da shi, da Emile Durkheim, wanda ya fassara ibada da cewa al'umma ce take girmama kanta da kanta. Yaron da ya shiga aji bai san Akhdari da Ishmawi ba, bai taɓa zama gaban malamin tauhidi ba, yana iya girgiza. Mun ga waɗanda suka girgiza.

Sai dai kafin a haifi ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ɗaruruwan shekaru, wani malamin Malikiyya ya riga ya aza harsashin fannin. Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, ya yi bayanin abin da ya kira ilimin umran: yadda mutanen ƙauye da na birni suke rayuwa, yadda asabiyya take ɗaga daula, yadda jin daɗi da tsananta haraji suke rusa ta. Alƙalin alƙalan Malikiyya ne a Masar, kuma nazarin al'umma bai rage masa imani da ƙwayar zarra ba. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ma ta sanar da mu cewa an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. Don haka hukuncinmu shi ne fannin halal ne, kuma a wurin da al'umma take buƙatarsa yana kusa da farilla ta kifaya. Abin da ake nema kawai shi ne ɗalibi ya tafi da guzurin addininsa, ya koyi ra'ayin Marx kamar yadda likita yake koyon guba: ya san ta, ya san aikinta, ba ya sha.

Buƙatar kuwa ba sai an je nesa ba. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura, mutane suka yi dafifi suna kwasar fetur, wuta ta tashi, aka rasa rayuka fiye da 150. Mun yi huɗuba, mun yi ta'aziyya, mun ja kunne. Amma me yake sa mutum mai hankali ya ruga da bokiti wurin da ya san ajali na iya samunsa? Wa ya fara kira, wa ya bi, me ya sa gargaɗin jami'an tsaro bai yi tasiri ba? Wannan bincike ne da yake buƙatar wanda ya iya shiga gida-gida ya yi tambaya, ya tattara amsa, ya auna ta. Haka batun yawan sakin aure, da shaye-shayen matasa, da rikicin manoma da makiyaya, da makomar almajirai, da halin da iyalai suke shiga duk daminar da kogin Haɗejiya ya yi ambaliya. Mai wa'azi yana faɗin hukunci. Amma sau da yawa mu masu hawa mumbari muna magana a kan cutar da ba mu auna zurfinta ba. Idan 'ya'yanmu ba su karanci al'ummarmu ba, baƙo ne zai zo ya karance ta, ya rubuta rahoto da harshensa da ma'auninsa, a yi mana tsari a kai.

Tambaya ta biyu ce mai wuya, domin ita ce ta aljihu.

Abu na farko da muke gaya wa iyaye shi ne su daina auna tsadar makaranta da kuɗin rajista kaɗai. Kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara. Ciki kuwa kullum sai ya ci. Akwai kuɗin ɗaki, da na mota, da na takardun darasi, da na data, da na aikin bincike a shekarar ƙarshe. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 waɗannan ƙananan kuɗaɗe suka zama su ne manya. A kusan wannan lokaci jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, har da ta Dutse da ta Bayero. Uban da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, ko manomin da sai kaka yake ganin kuɗi, dole ya yi lissafin shekara huɗu cur kafin ya ce bismillah.

Idan an yi lissafin a haka, ɗan Dutse da kewayenta yana da wata ni'ima da iyayensa ba su samu ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen ilimin zamantakewa, tana kuma koyar da ɗan'uwansa, wato nazarin laifuffuka da harkar tsaro. Yaron da gidansu yake Garu ko Limawa ko Takur zai iya kwana a ɗakinsa, ya ci tuwon gidansu, ya hau babur ya je aji. Na Kiyawa ko Birnin Kudu ko Jahun zai iya zama wurin dangi, ranar Juma'a ya koma gida ya ɗebo gero da wake. Wannan rangwame ne da babu hukumar da za ta rubuta shi a takarda, amma ya fi ƙarfin tallafin karatu da yawa. Ga 'ya mace kuwa amfanin ya ninka, domin kusancin gida yakan zama shi ne bambanci tsakanin a bar ta ta yi karatun da a ce ta haƙura.

Akwai kuma Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 2013, mai tsangayar kimiyyar zamantakewa da gudanarwa. Ya kamata ɗan jiha ya duba jerin kwasa-kwasanta a kundin JAMB tun kafin ya cike fom. Jami'ar Bayero ta Kano ta girme su duka, sashenta na wannan fanni ya daɗe yana yaye ɗalibai, kuma tana da manyan malamai da ɗakin karatu mai tarin littattafai. Amma gasar shiga ta fi zafi, zaman Kano kuma ya fi tsada. Ra'ayinmu shi ne wanda ba shi da mai riƙe shi a Kano ya yi digirin farko a gida, in Allah Ya hore ya je Bayero ko Zariya neman digiri na biyu.

Jami'o'i masu zaman kansu suna da abin da yake jan hankali, musamman ga wanda ya tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, da ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda Allah Ya yalwata wa babu laifi. Amma ba mu ga hikima ba a sayar da gona domin digirin da babu aikin da yake jiran mai shi a bakin ƙofa.

Inda muka fi son a buɗe ido shi ne wajen arahar da take zama tarko. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har aka tura shi hidimar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, kuma dakatarwar ta shafi har waɗanda suka je suka yi karatun da gaske. Sayen takardar da mutum bai yi karatunta ba shaidar zur ce, albashin da za a ci da ita kuma akwai tambaya a kansa ranar gobe. Irin wannan tarko yana nan a cikin gida: a kama hayar azuzuwan firamare, a liƙa allo, a ce reshen wata jami'a ce ta nesa. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, takan fitar da jerin haramtattun makarantu, kuma kwas-kwas take tantancewa ɗaya bayan ɗaya. Jami'a tana iya zama halastacciya alhali wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba. Saboda haka tambayar da uba zai yi ita ce: shin wannan kwas ɗin, a wannan makarantar, yana da cikakkiyar amincewar NUC? Sannan ya tabbata gurbin ya fito ta shafin JAMB, domin wanda sunansa bai shiga kundinsu ba zai sha wahala ranar da za a tafi hidimar ƙasa.

Bayan takarda, inganci yana da alamomin da ake gani da ido. A sami ɗalibin aji uku ko huɗu a tambaye shi: malamai suna shiga aji? Ana fita da ku cikin gari yin bincike, ko haddar takarda kawai kuke yi? Ana koya muku ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta? Sakamako yana fitowa a kan lokaci? Amsar yaro ɗaya mai gaskiya ta fi tallar rediyo goma. Wannan na ƙididdiga da kwamfuta muna nanata shi, domin shi yake raba masu digirin gida biyu. Wanda ya iya tsara tambayoyi, ya tattara bayanai, ya rubuta rahoto da Turanci mai kyau kuma ya yi hira da Hausa ko Fulatanci, yana da kasuwa a ma'aikatun jin daɗin jama'a, da hukumar ƙidaya, da hukumar gidajen gyaran hali, da ƙungiyoyin lafiya da agaji da suke aiki a jihar nan. Wanda ya fito da sunayen Turawa kawai a ka, zai daɗe yana yawo da fayil.

Saura batun bashi. Tun shekarar 2024 asusun NELFUND yake ba ɗaliban makarantun gwamnati rance: yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata ta ɗawainiya. Babu ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara cirar kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Tunda babu riba a ciki, ba mu ga abin da zai hana Musulmi karɓa ba. Abin da muke tsoro shi ne maganar da muke ji a bakin samari cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba za a biya ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yawan neman tsari daga nauyin bashi. Wanda zai karɓa ya karɓa da niyyar biya, ya kuma tsaya a kan abin da yake buƙata; idan yana kwana a gida yana cin abincin gida, kuɗin makarantar kaɗai ya ishe shi. Kafin bashin ma, a fara buga ƙofar hukumar ba da tallafin karatu ta jiha.

Muna da kira ga namu ɓangaren. Masarautar Dutse ta yi suna wajen tsara tattara zakka da rabonta tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi. Ɗalibi matalauci ya shiga cikin waɗanda zakka ta halatta gare su saboda talaucinsa, kuma ƙofar waƙafi ta fi wannan faɗi. Attajirin da ya gina ɗakuna goma kusa da jami'a ya mayar da su waƙafi ga 'ya'yan ƙauye ya ɗauke musu kaso mafi nauyi na ɗawainiyar karatu. Kwamitocin masallatan Juma'a kuma za su iya ɗaukar nauyin rajistar ɗalibi ɗaya ko biyu a shekara, da sharaɗin ya riƙa kawo sakamakonsa, kuma binciken shekararsa ta ƙarshe ya kasance a kan wata matsala ta unguwar.

Dattijon Kiyawa mun ba shi shawarar yaron ya sa Jami'ar Tarayya ta Dutse a zaɓin farko, ya zauna wurin baffansa a cikin gari, ya ci gaba da zuwa karatun littattafai tsakanin Magariba da Isha'i. Gonar kuma mun roƙe shi ya bar ta, domin daga cikinta za a riƙa auno geron da yaron zai ci har ya gama.